Sashen bayanin sakamakon jinotaif: huɗu cikin biyar

Abinda ya burge ni da asibitin nan shine basa miƙa maka takardar sakamako su ce sai anjima, akwai wata nas da aikinta kenan ta zaunar da kai ta yi maka bayani, kuma gaskiya taurari huɗun da na basu duk nata ne.

Gwajin jinotaif, wato gwajin jini mai nuna ko mutum na ɗauke da ƙwayar sikila (S), muka yi. Ni AS, maigidana ma AS, wato kowannenmu na ɗauke da S guda ɗaya amma bamu da ciwon. Tun kafin ta buɗe takardar ta tambaya ko an yi wa ɗayanmu ƙarin jini cikin wata ukun da suka wuce, saboda jinin wani yana iya rikita sakamako. Sannan ta ce "Hajiya, me kika sani game da sikila?" na ce ai in an haifi huɗu ɗaya ne zai fito SS, wato mai ciwon sikila. Ko dariya bata yi ba, sai ta yaga takarda gida huɗu ta rubuta AA, AS, AS, SS ta nannaɗe ta ce in ɗauki ɗaya, na ɗauka ta mayar ta cakuɗa ta ce sake ɗauka. Wai haka kowane ciki yake, kashi 25 cikin 100 SS, 50 AS, 25 AA, kuma kowane ciki lissafinsa daban ne, za a iya haifar huɗu babu SS ko ɗaya, za a iya samun biyu a jere. Wallahi sai a lokacin na gane.

Ta kuma kalli maigidan ta ce yaro baya zama SS sai ya ɗauko S daga uwa DA uba, don haka babu mai ɗora wa wani laifi (naji daɗin wannan sosai). Ta bayyana cewa gwajin gaggawa da wasu lab ke yi nuna akwai S kawai yake, baya bambance AS da SS. Bata ce ku yi kaza ko kar ku yi kaza ba, zaɓin da ake da su ta lissafo, daga ƙarshe ta sa na maimaita mata da bakina.

Inda suka rasa tauraro ɗaya kuwa, ɗakin labule ne kawai ba ƙofa, na kan benci suna jin komai, alhali maganar sirri ce. Ga jira kamar me. Kuma babu wata takardar bayani mai sauƙi da ake ba mutum ya tafi da ita, sai da na roƙe ta ta rubuta min lissafin a bayan kati.