Sysctl a kan Debian: yana aiki da kyau, amma in ya ƙi ba ya faɗa maka

Yawancin kwamfutocin da ake ɗora wa Linux a Maradi ba sababbi ba ne. Tsofaffin Dell da HP ne ƴan gwanjo, masu RAM giga 4 ko 8 da faifai mai juyawa, ana sa su raba intanet a siba, ko su riƙe takardun masu buga rubutu da hoto. Irin wannan na'ura ce ta fi cin moriyar sysctl, wato hanyar da ake gaya wa kanel, zuciyar tsarin, yadda zai tafiyar da RAM da faifai da sadarwa tun lokacin da aka kunna ta. Kyauta ne, yana zuwa tare da Debian da Ubuntu, kuma a ganinmu duk mai gyaran kwamfuta ya kamata ya iya shi. Sai dai yana da hali guda da ke ɓata wa mutane lokaci, za mu zo gare shi.

Tsarinsa ba wuya. Kowane saiti layi ɗaya ne: suna, alamar daidai, sai ƙima, kamar vm.swappiness = 20. Sunan nan hanya ce ta fayil a cikin /proc/sys, an dai maye gurbin alamar / da ɗigo. In ka buga sysctl -w da saitin, nan take zai kama, amma da zarar an kashe na'ura ya tafi. In kana so ya zauna, sai ka rubuta shi cikin fayil a /etc/sysctl.d, ka ba shi suna irin 90-shago.conf, ka buga sysctl --system. Dole sunan ya ƙare da .conf, in ba haka ba ko kallonsa ba za a yi ba.

Inda ya fi burge mu shi ne maganar rubutu a faifai. Linux ba ya rubuta abu nan take, yana tara shi a RAM tukuna. A yadda ya zo, vm.dirty_background_ratio yana kan 10, vm.dirty_ratio yana kan 20, ma'ana abin da ke jiran a rubuta zai iya kaiwa kashi 20 cikin ɗari na RAM ɗin da ke sake. A na'ura mai giga 8 wannan ya kan haura giga guda. Shi ya sa ɗaliba za ta miƙo filash, kile kamar yadda muke cewa a nan, a kwafa mata bidiyon darasi, allon ya nuna ya kusa cika cikin daƙiƙa kaɗan, sannan ya daskare, fitilar kilen tana ta ƙyaftawa. In yaron shago ya zare shi a lokacin, ko aka ɗauke wuta kamar yadda ake yawan yi da bazara, fayil ya lalace. Layi biyu ne ke rage wannan: vm.dirty_background_bytes = 16777216 da vm.dirty_bytes = 67108864, wato mega 16 da mega 64. Kwafin ba zai ƙara sauri ba, amma abin da allo ke nunawa zai kusanci gaskiya, abin da za a rasa in wuta ta yanke kuma ya ragu sosai. A kula, mai ƙarewa da bytes da mai ƙarewa da ratio ba sa zama tare: ka saita ɗaya, ɗayan ya koma sifili da kansa. Kuma wannan ba ya maye gurbin ondila, wato UPS, mai batir mai rai.

Ga wanda na'urarsa ke raba intanet, net.ipv4.ip_forward = 1 wajibi ne, domin yana zuwa a kan 0. Ga na'urar da aka kulle a ɗaki ba mai zama kusa da ita, kernel.panic = 10 yana sa ta sake tashi da kanta daƙiƙa 10 bayan kanel ya faɗi, maimakon ta tsaya cak har gari ya waye.

Swappiness kuwa, wato saitin yadda kanel ke saurin kai kayan RAM zuwa swap (wurin ajiyar wucin gadi a faifai), an fi yi masa kirari fiye da aikinsa. Yana zuwa a kan 60. A na'ura mai faifai mai juyawa, sauke shi zuwa 10 ko 20 yakan rage ƙugin faifai. Amma 0 ba ya kashe swap kamar yadda ake yaɗawa, sai dai ya sa kanel ya yi ta jinkiri har RAM ta cika, ya kashe wata manhaja. Mai amfani da zram, wato swap da ake matsewa a cikin RAM, ma ɗaga shi ya kamata ya yi, tunda daga kanel 5.8 na shekarar 2020 iyakarsa ta kai 200.

Haka BBR, tsarin daidaita saurin aika bayanai, wanda Google ya shigar a kanel 4.9 a ƙarshen 2016. Za ka ga ana kwafar net.ipv4.tcp_congestion_control = bbr ana cewa yana ƙara saurin intanet. Mai aikawa ne ke amfani da shi. In kana sauke abu, sabar da ke can ce ke yanke hukunci, ba kai ba. In kuma na'urarka wucewa kawai zirga-zirgar kwastomomi ke yi ta cikinta, bai shafe su ba ko kaɗan. Yana da amfani ga sabar da ke tura fayiloli waje ta layi mai tangarɗa, nan ne wurinsa.

To, ga halin da muka ce. In saiti bai kama ba lokacin tashi, na'ura za ta tashi lafiya lau, sau da yawa babu ko gargaɗi a allo. Kuma hanyoyin da yake ƙin kamawa suna da yawa.

Ana karanta fayilolin ne bisa jerin sunayensu, na ƙarshe shi ke da nasara. Ka rubuta abu a 10-nawa.conf, wani fayil mai lamba 99 ya soke shi ba ka sani ba. A Debian 12, tsohon /etc/sysctl.conf yana aiki ne saboda an haɗa shi da 99-sysctl.conf. A Debian 13, wanda ya fito a watan Agustan 2025, an daina karanta shi lokacin tashi. Duk wanda ya ɗaga na'urar siba daga 12 zuwa 13 alhali ip_forward ɗinsa yana can, zai ga na'urar ita kanta tana da intanet, kwastomomi kuma babu, ya yi ta zargin kamfanin layi a banza. A Ubuntu mai ufw, wato manhajar bangon tsaro (firewall), a kunne, akwai kuma /etc/ufw/sysctl.conf da ke iya zuwa daga baya ya danne naka.

Wanda ya fi wahalar ganowa shi ne na modul, wato ɓangaren kanel da ba a loda shi sai an buƙace shi. Siba mai mutane da yawa takan cika teburin da kanel ke ƙirga haɗe-haɗe a ciki, sai dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ya nuna "nf_conntrack: table full, dropping packet", shafuka su riƙa buɗewa suna ƙi. Maganinsa ɗaga net.netfilter.nf_conntrack_max. Ka saita da hannu, ya yi aiki, ka rubuta a fayil, washegari matsala ta dawo. Dalili shi ne wannan sunan ba ya wanzuwa sai an loda modul ɗin nf_conntrack, shi kuwa sau da yawa sai bangon tsaro ya tashi ake loda shi, bayan sysctl ya riga ya wuce. Sai ka buɗe fayil a /etc/modules-load.d, misali conntrack.conf, ka rubuta nf_conntrack shi kaɗai a layi, domin ana loda waɗannan kafin a karanta saitunan.

Wani ƙaramin tarko: bayanin tunatarwa mai alamar # ya tsaya a layinsa shi kaɗai. In ka liƙa shi bayan bbr a layi ɗaya, za a ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na ƙimar, saitin ya faɗi.

Don haka kada ka miƙa wa mai shago na'ura don ka ga sysctl --system ya wuce lafiya. Kashe ta, ka sake kunnawa, ka buga sysctl da sunan kowane saiti ka ga ƙimar da idonka, sannan ka duba journalctl -b -u systemd-sysctl, can ne kurakuran suke kwance. Saitunan da kanel ke bukata tun kafin ya gama tashi, kamar nomodeset ga tsohon katin hoto mai baƙanta allo, ba a nan ake sa su ba. Wurinsu layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT ne a /etc/default/grub, kuma sai ka buga update-grub kafin su kama.