Shagon kayan kariya a Katako: takalmi da hula na ƙwarai, safar hannu kam a'a

Ni maso ne, na daɗe ina aikin gini a Yamai, yanzu yara bakwai ke aiki tare da ni a wani santiye wajen Lazare. Ƙusa ce ta kai ni kasuwar Katako neman kayan kariya. An ɓamɓare katakon kofraji, wanda ake tare kankare da shi in an zuba, aka yar da shi ƙusa na kallon sama, wani yarona ya zo da bokitin siminti a ka da silifa a ƙafa ya taka, wallahi har yau ina jin ihun nan a kunnena, sai da aka yi mishi allurar tetanos kuma ya yi kwana goma ba ya taka ƙasa, ga shi da mata da ɗa.

Shagon ƙarami ne, yana cikin layin masu fenti da ƙarfe, in ba ka kula ba sai ka wuce shi. Ina zuwa na ce Alhaji takalmin aiki nake so mai sauƙin kuɗi, sai ya ce maigida zauna tukuna. Ya ɗauko ƙafa biyu, duka da ƙarfe a baki, ya lanƙwasa na farko ya naɗe kamar tabarma, na biyu kuwa ya ƙi. Ya juya harshen takalmin ya nuna mini rubutu EN ISO 20345, lambar ƙa'idar takalmin kariya, da S3. Wannan S3 ɗin shi ke da faranti a cikin tafin wanda ƙusa ba ta hudawa, bakin kuma an yi shi ya jure abu mai kilo 20 in ya faɗo daga mita guda, kusan nauyin bulo ke nan. Mai arahan S1 ne, yana tsare yatsu amma ba ruwansa da ƙusa. To da bai faɗa mini ba ai shi zan kwasa, in koma gidan jiya. Wannan gaskiyar tasa ita ta sa nake rubutun nan.

Hular kwano ma, wadda muke ce ma kaske, haka ya yi mini. Akwai lambar EN 397, sannan ƙarƙashin bakinta akwai wani ɗan zagaye kamar agogo da ke nuna shekara da watan da aka ƙera ta, ni duk shekarun nan ban taɓa lura da shi ba. Ya ce kar a bar ta kan dal cikin rana don roba na tsufa ta yi ƙwari ta fashe, kuma in ta sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya a sake ta ko ba a ga tsaga ba. Abin da ke ba ni tsoro yaranmu in zafin Afrilu ya taso sai su cire igiyoyin ciki wai kai na yin gumi, alhali tazarar da ke tsakanin kai da kwanon ita ce ke shanye bugun, in ka cire ta ƙwarya kawai ka kifa.

Inda ban ji daɗi ba, safar hannu. Ta yadi ce, ruwan siminti na shiga ya zauna a fata, kuma siminti na cin hannu kamar wuta, kwana uku duk safar ta yage. Mai roba ake so kuma ba ya da ita. Takunkumi ma irin na lokacin korona ne, ba ya tare ƙurar yankan karo, FFP2, mai tace ƙura, ya kamata ya kawo. Ɗamarar hawa sama guda biyu na gani rataye ba wata lamba a jiki, na ce Alhaji wannan kam ba zan rataya ran ɗan mutum a kanta ba, bai musa ba.

Kuɗin da ɗan ciwo, bai rage mini sosai ba, amma daga aljihuna na biya ban cire ma kowa a ladarsa ba. Dokar aiki ta 2012 ta ɗora tsaron lafiyar ma'aikaci a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki, kuma yaran nan ƴan aikin yini ne, ba su da rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, in abu ya faru ni da iyayensu ne kawai.

Wata biyu ke nan takalman na aiki, ɗinki bai saki ba. Ƙafa biyar na samu, lamba 40 ta ƙare, ya ce in leƙo ran Asabar don sauran yara biyun.