Na gwada shagon haɗa abincin firiza a Minnesota

Wata abokiyar aikina ce ta ja ni. Ta ga yadda nake tashi daga aikin dare ido jajur, ga yara uku, ga maigida sai bayan magariba yake shigowa, ta ce in gwada shagunan nan da ake zuwa a haɗa abincin makonni a zama ɗaya. A Amurka ba sabon abu ba ne, tun 2002 kamfanin Dream Dinners ya soma irinsa a jihar Washington. Ni wani ƙarami na je a gefen Minneapolis.

Tun daga gida za ki zaɓi abincinki a intanet, ki kama rana. Da na shiga na tarar da tebura a jere, kowanne da takardar bayani da cokulan awo. An yanka albasa, an daka tafarnuwa, an gyara komai. Naki kawai ki auna, ki zuba a leda mai zif, ki manna mata takardar yadda ake dafawa. Cikin awa biyu na haɗa kala takwas, na fito ban wanke ko cokali ba. Wallahi wannan kaɗai ya kusa sa ni hawaye.

Inda gizo ke saƙar shi ne nama. Da na tambaya, aka ce kazarsu ba yankan Musulmi ba ce, wasu girke-girken kuma akwai naman alade ko giya a ciki. Kusan rabin jerin ya fita ke nan. Na tsaya kan kifi, jatan lande, wake da taliya. Kala uku kuwa na roƙa aka bar ni na haɗa kayan ƙamshin kawai, daga baya na ƙara kazar da na saya a shagon 'yan Somaliya. Sun yarda ba musu, amma ko sisi ba su rage min ba, abin da har yau yake min ciwo.

Ɗanɗano kuwa lami, cuku ya yi yawa, attaruhu babu. Yara sun cinye taliyar tas. Maigida ya kai loma biyu ya ce, "Maman Hanifa, ina yajinki?"

Ledojin a kwance ake shimfiɗa su a firiza, sun fi saurin daskarewa kuma ba sa cin wuri. Wadda za a dafa gobe, tun daren yau ake sauko da ita firij ta narke a hankali. Ranar da na manta, shayi da burodi muka sha. Leda ɗaya kuma ta yi yoyo saboda ban danne zif ɗin da kyau ba, laifina ne.

Ba zan riƙa zuwa duk wata ba, sai dai ko gab da azumi. Yanzu na sayi ledojin da kaina. Ranar Lahadi nake jajjage, in raba miyar taushe da jar miya kashi-kashi a ledojin, in rubuta kwanan wata a jikin kowace.