Hattara da masu sayar da jabun tashar jona laftop

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk mai shirin sayen tashar jona laftop, wato akwatin nan da ake haɗawa da kwamfuta ta kebul ɗaya, shi kuma ya ɗauki allo, kibod, maus, intanet da caji gaba ɗaya. Wasu masu sayarwa a intanet sun mai da shi hanyar cin kuɗin mutane, kuma abin yana ci mini rai, domin wanda aka cuta sau da yawa ba ya ma gane an cuce shi. Sai ya ɗauka kwamfutarsa ce ba ta da ƙarfi.

Inda suke samun kafa shi ne bakin USB-C. Kamanninsa ɗaya ne ko'ina, amma abin da ke bi ta cikinsa ya sha bamban. Wani USB 2.0 ne kawai mai gudun megabit 480 a daƙiƙa, wani gigabit 5 ko 10, shi kuwa Thunderbolt 3 da 4, wato fasahar haɗi mai sauri ta kamfanin Intel da ke amfani da wannan bakin, gigabit 40 suke ɗauka. Ido ba ya bambance su. Sai mayaudari ya samo ƙaramar mahaɗar USB mai araha, ya sa ta cikin gida mai nauyi da sheƙi, ya buga alamar walƙiya irin ta Thunderbolt a kwali, ya rubuta cewa tana aiki da Thunderbolt. Ku lura da wannan lafazin. Kowace mahaɗar USB-C za ta yi aiki in an soka ta a ramin Thunderbolt, amma da gudunta na USB za ta yi. Tashar Thunderbolt ta gaskiya sai ta bi ta gwajin kamfanin Intel kafin a ba ta izinin ɗaukar sunan, kuma tana da lambar samfuri da za ka tarar a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Idan mai sayarwa ya kasa ba ka wannan lambar, ko ka nema ba ka same ta ba, ka riƙe kuɗinka.

Sai maganar caji, inda aka fi yin ƙarya da lamba. Za ka ga an rubuta wat 100 da manyan baƙi. Sau da yawa wannan wutar da tashar ke iya karɓa ce, ba wadda take miƙa wa laftop ba, domin ita ma tana cire nata rabon kafin ta tura saura. Wani lokaci ma babu caja a cikin kwalin sam, an ɓoye bayanin can ƙasa da ƙananan baƙi. Kebul ɗin ma abin dubawa ne: wanda ba shi da ɗan guntun lantarkin da ke shaida ƙarfinsa ba ya wuce wat 60. Sakamakon haka kana aiki a jone amma batir yana sauka. Kebul mara inganci kuma ba rashin gudu kaɗai ke gare shi ba. A 2016 wani kebul da aka haɗa wayoyinsa ba daidai ba ya lalata laftop ɗin Benson Leung, injiniyan Google da ya yi suna wajen gwada irin waɗannan kebul.

Haka rubutun 4K, wato hoton allo mai tsananin kaifi. Idan ba a faɗi 60Hz ba, wato hoton na sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, ka ɗauka 30Hz ne, kuma za ka gani da idonka yadda maus ke jan ƙafa a allo.

Batun allo biyu ko uku kuwa yana buƙatar natsuwa, domin a nan gaskiya da ƙarya suke cakuɗewa. Akwai laftop da raminta na USB-C ba ya fitar da hoto ko kaɗan, bayanai kawai yake ɗauka. Akwai tashoshin da ke raba hoto ta hanyar MST, dabarar tura hoton allo da yawa ta waya ɗaya, wadda ke tafiya lafiya a Windows, amma a Mac allo biyun abu ɗaya za su nuna. MacBook Air mai M1 na 2020 allo ɗaya tak yake ɗauka a waje da kansa. Akwai kuma masu DisplayLink, fasahar tura hoto ta USB, waɗanda sai an sauke manhajarsu, kuma wasu bidiyoyi masu kariya daga kwafi kan fito baƙi ƙirin ta cikinsu. Mai sayarwa na kirki zai tambaye ka samfurin laftop ɗinka tun kafin ya karɓi kuɗi. Mayaudari kuwa cewa zai yi tana shiga kowace kwamfuta, kuma ranar da ka koma da ƙorafi, waɗannan bayanan da ya ɓoye maka su zai zaro ya ce laifin na'urarka ne. Har tsofaffin tashoshin ofis masu baki na musamman, da aka ƙera don wasu samfurori ƙalilan, ana tallata su da wannan ƙaryar.

Idan kayan ya iso, ka gwada shi ranar, da taka laftop, ba ta mai sayarwa ba. A Mac ka buɗe bayanan na'ura ka duba ko tashar ta fito a sashen Thunderbolt. A Windows ka duba manhajar Thunderbolt ko shafin na'urorin USB4. In laftop ɗinka na da ramin Thunderbolt amma a jerin USB kawai tashar ta bayyana, to ba abin da ka biya aka ba ka ba. Ka jona allon duka, ka kwafi babban fayil, ka sa kebul ɗin intanet ka ga ko gigabit ne ko megabit 100, ka bar ta tana aiki awa ɗaya ka ga ko hoto na ɗaukewa.

Kada kuma ka yarda a janye ka daga kasuwar intanet ɗin zuwa hira ta sirri da sunan ragi, domin kariyar mai saye ba ta bin kuɗin da aka tura ta bayan fage. Ka karanta sharhin masu saye da kyau: in ka ga ana yabon wani kaya daban, an sauya hajar shafin ne an bar tsohon yabo. Ka ɗauki hoton tallan kafin ka biya, saboda suna gyara rubutun da zarar ƙorafi ya fara shigowa, kuma wannan hoton ne hujjarka wajen neman a dawo maka da kuɗinka.