Manhajar VStar da taurarin nova masu jinkirin dusashewa

Manhajar VStar, wadda ƙungiyar AAVSO ta Amurka, ta masu kallon taurari masu sauya haske, ke rabawa kyauta, ita nake amfani da ita wajen nuna wa ɗalibaina na ajin ƙarshe a Garwa yadda hasken tauraron nova ke hawa da sauka. Tun 1911 ƙungiyar ke tara awon haske daga masu kallon sama, manhajar kuwa tana ɗauko shi daga rumbun ajiyar ƙungiyar ta zana a allo. Tana buƙatar manhajar Java a kwamfuta, amma idan an sauke bayanan an ajiye, aiki yana ci gaba ko da intanet ya yanke.

Nova tana faruwa ne idan farin wadan tauraro, wato ƙaramin ragowar tauraron da makamashinsa ya ƙare, ya janyo haidirojin daga tauraro abokin zamansa, har ya taru ya kama da wutar nukiliya. Ana auna saurinta da kwanakin da haske ke ɗauka kafin ya ragu daga ƙololuwarsa da mataki 3 na magnitud, ma'aunin hasken taurari. Nova V1500 Cygni ta 1975 ta yi hakan cikin kusan kwana 4, masu jinkiri kuwa sukan wuce kwana 150.

A kan waɗannan masu jinkirin ne amfanin manhajar ya fi bayyana, domin zanensu ba ya bin hanya ɗaya. HR Delphini, wadda mai kallon sama George Alcock ya gano a Yulin 1967, ta shafe watanni haskenta na tsaye kafin ta kai ƙololuwa a Disamba. DQ Herculis ta 1934 kuwa ta dusashe ƙwarai a Afrilun 1935 sannan ta farfaɗo, saboda ƙurar da ta taru a cikin abin da ta fesar ta rufe ta, kamar yadda hazon hunturu ke rufe mana rana.

Abin da nake jan hankalin malamai a kai shi ne layin polinomiyal, wato lanƙwasasshen layi na lissafi da manhajar ke ɗorawa a kan awon. Yana taimakawa wajen ƙiyasta ranar ƙololuwa, amma bai san ƙura ba, bai san nauyin farin wadan ba, alhali mai ƙarancin nauyi ne yakan haifar da nova mai jinkiri. Inda awo ya yanke saboda tauraron ya kusanci rana a sama, layin yakan lanƙwashe yadda ya ga dama, don haka nake sa ɗalibai su raba zanen gida-gida, su auna kowane ɓangare daban.