Gargaɗi ga matan Sakkwato: masu alƙawarin sayen ƙaramin bargon ƙyalle da dala 'yan damfara ne

Assalamu alaikum. Duk wadda aka turo wa tallan koyon ɗinkin ƙananan barguna na haɗin ƙyalle, wai za a koya mata, a ba ta kayan aiki, sannan a saye abin da ta ɗinka a kai Amurka a biya ta da dala, don girman Allah kada ta tura ko sisin kwabo. Tallan yana yawo a WhatsApp da Facebook, ya shiga zaurukan matan unguwa da na 'yan adashi, daga Mabera zuwa Arkilla har Runjin Sambo. Ni wannan ɗinki abin sha'awata ne tun da daɗewa, ba sana'a na ɗauke shi ba, shi ya sa waɗanda suka shiga suke kawo mini kayan da aka aiko musu in duba. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Ga wadda ba ta san ɗinkin ba: guntayen ƙyalle ake yankawa ƙanana, a haɗa su su fitar da zane, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a baya, a bi hawa ukun da ɗinki har su kama juna, sannan a naɗe bakin. Ƙaramin ba ya cika wuce inci 24 a kowane gefe. Ba a lulluɓa da shi, a bango ake ratayewa ko a ɗora kan teburi. Da sunan wannan abu ake cutar mutane.

Mai tallan mace ce, ko dai muryar mace ake turowa. Bakinta da zaƙi, kowa "Hajiyata" ce a wurinta, kuma ba ta buɗe magana sai da addu'a. Za ta sa ki a wani zaure da ita kaɗai ke da ikon rubutu. Kullum sai ta saki hotunan barguna masu ban sha'awa, da hoton alat na banki wai na matan da aka biya a Kano da Kaduna. Rajista naira 15,000. Kin biya, sai a ce dole ki sayi kwalin kayan aiki a hannunsu, naira 45,000, domin wai Turawa ba sa karɓar ƙyallen kasuwarmu. Alƙawarin kuwa dala 25 kan kowane bargo, guda biyar a mako.

Wata yarinya maƙwabciyarmu ta shigo mini da nata kwalin, ta aje a kan tabarma ta ce, "Inna, duba mini wanga kaya, na kasa gane kansu. Duk yadda na haɗa ba su zama daidai." Na buɗe. Leda ce cike da 'yan murabba'an ƙyalle masu sheƙi, da zare ƙwarya biyu irin wanda ke tsinkewa da ka ja shi, da allura, da wani siririn soso irin na cikin kwalin takalmi. Na jera guntaye goma a kan rula, babu biyu da suka zo ɗaya: wannan ya ɗara, wancan ya gaza, wasu an yanke su a karkace har suna miƙewa in an ja. Na zare ɗan zare daga gefen ɗaya na kusantar da shi ga ashana. Auduga in ta ƙone toka take zama mai laushi, tana warin takarda. Wannan narkewa ya yi ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri, yana warin roba. Ai da ta ɗora masa dutsen guga na gawayi da ya manne. Alhali wannan ɗinki rabinsa guga ne, duk layin da ka ɗinka sai ka kwantar da shi kafin ka haɗa na gaba. Duk kayan kwalin nan, in a Babbar Kasuwa ne, kuɗinsu bai kai na cefanen yini ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da gangan aka yi haka. Ƙaramin bargo ba ya yafe kuskure. A ce za ki yi mai inci 16 a kowane gefe da murabba'ai masu inci ɗaya-ɗaya: guntaye 256 ke nan. Kowanne sai an yanka shi inci ɗaya da rabi, saboda ɗinki yana cin rubu'in inci ta kowane ɓangare. A jere ɗaya akwai ɗinki 15. In kowane ɗinki ya ci miki ƙarin kashi ɗaya cikin 16 na inci, abin da ido ba ya ko lura da shi, kafin ki kai ƙarshen layi kin yi asarar kusan inci guda, kusurwoyi sun daina haɗuwa. Wanda ya ba ki guntayen da tun asali ba a yanka su daidai ba ya riga ya tabbatar aikinki ba zai fito ba. Yarinyar nan ta yi ta fama, ga zafin garin nan, ga rashin wuta, tana ɗinki da hasken waya bayan yara sun yi barci. Da ta tura hoton abin da ta gama, amsar da ta samu ita ce: "Hajiyata, kin yi ƙoƙari, amma kamfani bai karɓa ba, kusurwar ba ta zauna ba. Ki sake sayen kwali ki gwada, in sha Allahu wannan karon zai wuce." Yarinya ta zauna tana zargin hannunta.

To, akwai kuma waɗanda hannunsu ya faɗa sosai, irin matan da suka shekara kan keke suna ɗinkin zanen gado da labule. Wata a cikinsu ta watsar da guntayen kwalin ta yanka nata, ta fitar da aikin da ba a iya kushewa. Ita sai aka canza mata salo. Aka ce an karɓa, ta turo kuɗin jirgi. Ta tura. Aka ce kaya sun maƙale a kwastan, ta ƙaro. Da ta fara tambaya aka ce in tana so a yafe mata, ta kawo mata uku su yi rajista ta hannunta. Daga nan aka cire ta daga zauren, lambar ta daina shiga. Wannan mataki na "kawo uku" shi ne ya sa abin ya bazu haka, domin wadda ta kawo miki tallan 'yar uwarki ce ko ƙawarki, kuma ita ma ba ta san an cuce ta ba tukuna. Mun ga irinsa a lokacin MMM, harkar zuba kuɗin nan ta intanet da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, kowa ta hannun nasa ya shiga.

Ku tsaya ku duba inda kuɗi ke tafiya. Daga rajista zuwa kwali zuwa kuɗin jirgi, duk daga hannunki suke fita zuwa nata. Ban ga mace ɗaya a garin nan da aka biya ko dala guda ba, kuma na tambaya. Matar nan ba bargo take saye ba, kwali take sayarwa, ke ce kasuwarta. Wannan dabara ma ba sabuwa ba ce. A can Amurkan da ake ambata, hukumar da ke kula da kasuwanci da kare masu saye, FTC, ta daɗe tana gargaɗin mutanenta kan masu cewa ka sayi kayan aiki ka haɗa abu a gida za su saya, daga baya su ce aikinka bai kai ba. Dabarar nan aka kwaso aka sa mata sallama da in sha Allahu.

Su hotunan da take sakawa ma ba nata ba ne. Ɗana ya sa ɗaya a Google Lens, sai ga shi a shafin wata Baturiya da ta ɗora shi shekaru da suka wuce. In kun ƙura ido za ku ga bangon katako ne, ta taga ana hango ƙanƙara. Kowa na iya wannan binciken da wayarsa cikin minti biyu.

Batun guda biyar a mako kuwa, duk wadda ta taɓa riƙe allura ta san ƙarya ce. Guntaye 1,280 ke nan a kwana bakwai, a haɗa, a goge, a bi da ɗinki, a naɗe baki, ga girki ga yara. Gaskiya ne a ƙasashen waje ana daraja wannan aiki. Duk shekara ana babban baje kolinsa a birnin Houston, kuma bargunan matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, sun shiga manyan gidajen tarihi. Amma waɗannan mata sun gaji aikin ne kaka da kakanni, da tsofaffin tufafi suka fara, kuma hannun kowacce ake saye da sunanta. Ba a aiko wa baƙo leda daga nesa a ce ya cika kwantena.

Wadda take ganin ko akwai gaskiya a ciki, ta yi wa mai tallan tambayoyin da ɗan kasuwa na gaske ba ya jin haushinsu. Mene ne sunan kamfanin da lambar rajistarsa ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni? Ana iya duba sunan a shafin hukumar kyauta. Ina takardar shaidar fitar da kaya ta hukumar NEPC, wadda duk mai fitar da haja waje don kasuwanci ke yi? Ina shagonku, in zo in gani? Me ya sa sunan da ke kan asusun da zan tura kuɗi ba shi ne sunan kamfanin ba? Matan da na yi magana da su, asusu daban-daban aka ba su, da sunayen mutane daban-daban. Wata da ta nemi a yi kiran bidiyo aka ce mata ai Hajiya tana cikin kulle, ba ta nuna fuska. Haba! Kunya da addini ba sa hana mutum nuna shagonsa.

Ina jin takaicin yadda wannan abu zai sa mata su tsani ɗinkin, domin ɗinki ne mai daɗi, kuma kusan ba ya buƙatar jari. Telan unguwarku yana share guntayen atamfa da shadda kullum, musamman gab da Sallah, da yawa in kin roƙa kyauta za su ba ki. Atamfa ta auduga zalla ta fi abin da ke cikin kwalin nan nesa ba kusa ba, sai dai ki wanke ta tukuna don kada ta zuba ko ta tsuke. Almakashi mai kaifi, rula, alli, allura, zare mai kyau, dutsen guga, shi ke nan. Ki yanka kwali mai tauri daidai girman da kike so ya zama ma'auninki. Wuƙar yanka mai taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, tana sauƙaƙa aiki, amma kafin a ƙirƙiro ta mata sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi da almakashi. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lifidin da dawakin mayaƙan Daular Usmaniyya suka sa, wanda har yau ake gani a hawan Sallah, ƙyalle ne aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki. Ki fara da murabba'ai tara masu inci biyu, in sun zauna ki ƙara. Nawa na farko da guntayen atamfar mahaifiyata na yi shi, yana nan rataye.

Wadda ta riga ta tura kuɗi, kada ta goge komai. Ki ɗauki hoton hirar, da lambar wayar, da lambar asusun da sunan da ke kai, da rasidin turawa, ki adana saƙonnin murya. Ki je bankinki da gaggawa ki shigar da ƙorafi a rubuce, ki karɓi lambar shaidar ƙorafin, domin irin waɗannan kuɗi ba sa kwana a asusu. In mako biyu suka wuce ba a yi komai ba, ana iya kai maganar sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN. Ki kai rahoto ga 'yan sanda, kuma EFCC tana da ofishi a nan Sakkwato. In kun haɗu ku da yawa kun tafi tare, kowa da shaidarta, maganar ta fi nauyi. Sannan ki yi hattara da wanda zai kira ki daga baya ya ce zai dawo miki da kuɗinki in kin ba shi wani abu, ko ya nemi lambar sirrin katinki ko lambar da banki ya turo miki ta waya. Sau da yawa su ɗin ne suka sake dawowa.

Na san wasu da kuɗin adashi suka biya, wasu sun sayar da akuya, wasu ko maigida bai sani ba, kuma kunya ta sa sun yi shiru. Shirun nan shi matar take so. Ki faɗa wa maigidanki ko yayarki, ki faɗa wa duk wadda kika tura wa tallan tun kafin ta biya kuɗin kwali. Masu kula da zaurukan mata, ku goge tallan, ku sanar da dalili. Kuma ku sani suna sauya suna da hoto, don yanzu na fara ganin tsari iri ɗaya da sunan ɗinkin hula da haɗa jakar duwatsu, rajista da kwali da dala duk suna nan yadda suke.