Tsimin wuta ko cikakken gudu: wanne ya dace da uwar garke?

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Firosesarta, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, tana da hanyoyin aiki daban-daban, amma biyu za mu duba: tsimin wuta da cikakken gudu. A babbar manhajar Linux ana kiransu powersave da performance, kuma BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ita ma tana da makamantansu.

A tsarin tsimi, da zarar aiki ya lafa sai firosesa ta rage gudu, ƙwayoyinta (sassan da kowanne ke lissafi da kansa) marasa aikin yi su shiga barci. Wuta ta ragu, zafi ya sauka, fankoki su sarara. Matsalar tana wajen farkawa. Ƙwayar da ke gyangyaɗi a matakin barci mara nisa, C1, takan tashi cikin 'yan mikrosakan kaɗan (mikrosakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na sakan), amma wadda ta yi nisa zuwa C6 a firosesar Xeon ta Intel tana iya cin sama da mikrosakan 100 kafin ta dawo hayyacinta. Ga shi an share ma'ajiyarta ta kusa, inda take ajiye bayanan da take amfani da su, dole ta sake ɗebo bayanai. Rumbun bayanai mai amsa ƙananan tambayoyi jefi-jefi shi ke ɗanɗana kuɗarsa: matsakaicin lokacin amsa ya yi kyau a ido, wasu buƙatun kuwa su yi ta jinkiri.

Cikakken gudu, idan aka haɗa shi da hana barci mai nisa, yana kawar da wannan. Sai dai kuɗin lantarki da na sanyaya ɗaki za su hau, ko da tsakar dare ne babu mai shiga.

A ganina, duk aikin da mutum ke zaune yana jiran amsarsa nan take, a sakar masa mara da cikakken gudu. Aiki mai tsawo kuwa, kamar sarrafa bidiyo, ba ya barin ƙwayoyin da ke yinsa su runtsa, don haka tsarin tsimi ba ya cutar da shi, har ma barcin ƙwayoyin da ke hutu kan ba masu aikin damar ƙara gudu da Turbo Boost, fasahar Intel ta ƙarin gudu.